Littafin tsaron mitocin rediyon sha'awa a Damagaram

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau muka buɗe wannan littafi. Abin da muka sa a gaba shi ne mu san su wa ke magana a kan mitocin da aka keɓe wa rediyon sha'awa a nan Damagaram, mu rubuta lokaci da mita, sannan mu bi su da lalama har su koma inda doka ta tanadar musu. Ba mu da yawa. Akwai ni da ke koyar da aikin lantarki, akwai Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya da har yanzu yake karanta saƙon Mos, irin na gajeren ƙara da dogo, da kunne, akwai mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Dole, sai ɗalibai maza da mata da ke zuwa bayan la'asar.

Ga wanda bai san zancen ba, Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, da ke Janeba, ita ke raba iskar rediyo tsakanin ayyuka. Jiragen sama da nasu, jiragen ruwa da nasu, gidajen rediyo da kamfanonin waya da nasu. A cikin rabon an bar wasu 'yan gurabe ga mutanen da ke son rediyo don koyo da gwaji da gaisawa da juna, bisa sharaɗi mai nauyi da ke rubuce a ƙa'idojin hukumar: ba don neman kuɗi ba. A yanki na ɗaya, wanda ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, guraben sun haɗa da kilohaz 7000 zuwa 7200, da 14000 zuwa 14350, da 28000 zuwa 29700, da kuma megahaz 144 zuwa 146. Kowace ƙasa da farkon alamar kiranta, wato haruffa da lambar da mai lasisi ke faɗa a iska don a san shi. Namu na Nijar 5U ne, na Najeriya 5N, na Chadi TT.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Wata 'yar na'ura ce mai kama da filas, RTL-SDR, da ake cusawa a tsohuwar kwamfuta, tana jin daga wajen megahaz 24 har sama da 1700, ta zana abin da take ji a kan allo. Sai eriya ta wayar tagulla mai tsawon rabin mita da muka kafa a saman soro a Zango, da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta yanke mana saurare, da tsohon akwatin gajeren zango na Baba.

Saurare kawai za mu yi. Lasisin Baba ya daɗe da ƙarewa, sauranmu kuwa ba mu taɓa samu ba, don haka babu mai danna maɓallin magana. Kuma Baba ya kafa sharaɗi tun kafin a zuba shayin farko: abin da mutane suka faɗa a iska amana ne. A rubuta ƙarfe nawa, mita nawa, wane harshe, wane irin aiki. Sunan mutum ko sirrin cinikinsa ba zai shiga littafi ba, ba kuma zai fita a hirar fada ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Littafin ya fara nuna fuska. Tsakanin 144 da 146 babu mai sha'awa ko ɗaya da muka ji, amma wurin ba shiru yake ba.

A kan 145.500, wadda a yankinmu ita ce mitar da masu sha'awa ke kiran juna kafin su matsa gefe, akwai masu lodi na wata tasha. Daga asuba har azahar ana kiran mota, ana ƙirga buhu, yau kuwa ranar babbar kasuwa ba su huta ba sai da rana ta faɗi. A kan 145.800 masu gadi ne. Suna farawa bayan isha'i, duk bayan awa ɗaya babbansu ya kira su ɗaya bayan ɗaya, su amsa lafiya. Wannan ta fi damuna, don a kan 145.800 ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ke turo murya da hotuna ga masu saurare a ƙasa. Tashar tana shawagi wajen kilomita 400 sama da mu, tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, in ta ratsa samanmu ba ta wuce minti goma ta ɓace. Muryar da ta taho daga nesa haka ba za ta iya ja da oba-oba mai wat biyar da ke unguwa ta gaba ba.

Mun ji wasu ma a tsakanin 430 da 440. Waɗannan mun rubuta su amma ba za mu bi su ba tukuna, saboda wancan gurbin na tarayya ne, a ƙasashe da dama ana raba shi da wasu ayyuka. A 144 zuwa 146 ne hujjarmu ke da ƙarfi, can za mu tsaya.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ƙarshen makon nan ake babbar gasar murya ta duniya da masu sha'awa ke yi duk ƙarshen Oktoba, sai na tara ɗalibai tun da hantsi. Rana tana cikin shekarun ƙarfinta, waɗanda murya ke tafiya nesa a cikinsu, don haka zangon mita 10, wato kilohaz 28000 zuwa 29700, a buɗe yake. Daga 28300 zuwa sama allo ya cika maƙil. Italiya, Jamus, Sifen, da yamma ta yi sai Burazil da Amurka suka shigo kamar suna Miriya. Wata ɗaliba ta zauna da biro tana rubuta alamomin kira, ta cika shafi ta juya. Da ta gaji ta ɗago ta ce, "Malam, duk ƙasashen nan na ji, ina namu?" Ban ji 5U ko sau ɗaya ba, ita ma ba ta ji ba.

Da dare Baba ya karkata akwatinsa zuwa zangon mita 40, wato wajen kilohaz 7000, ya ba yaran tarihin wurin. A da, a yankinmu, masu sha'awa ba su da komai sai 7000 zuwa 7100. Daga nan sama manyan gidajen rediyo ne masu dubban wat. A babban taron rediyo na duniya na 2003 a Janeba aka amince gidajen rediyon su tashi daga 7100 zuwa 7200, aka ba su wa'adi har 29 ga Maris 2009. Kilohaz ɗari kacal, amma sai da aka shafe shekaru ana kai gwauro ana kai mari, kuma ƙungiyar masu sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Paris a 1925, ita ta riƙa bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce da su, "'Ya'yana, abin da aka samu da wuya haka ba a barinsa a tsakar gida a tafi barci."

Ita wannan ƙungiya tana da masu sa ido na sa-kai da ke fitar da rahoton masu kutse duk wata: na'urorin hangen nesa na soja, alamomin tarun masunta a teku, masu tasi da ke kiran juna a mita 10. Tsarin shafinsu muka ara muka gyara namu, don in ranar kai rahoto ta zo, wanda zai karanta ya gane shi ba tare da dogon bayani ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mun ƙera eriyar neman inda murya ke fitowa. Tef ɗin awo na magina muka saya, irin na ƙarfe mai naɗewa, muka yanka shi gida uku: na baya santimita 105, na tsakiya 90 wanda aka raba biyu aka jona masa waya, na gaba 89. Muka jera su a kan tiyon ruwa na roba, muka ɗaure da ƙugiyar tiyo. Amfanin tef shi ne in ya bugi bango ko reshen dogon yaro sai ya lanƙwashe ya dawo, ba ya karyewa. Mai gyaran rediyo ya kankare fentin bakin tef ɗin da takardar yashi kafin dalma ta kama, ya kuma naɗe bakunan da salatif don kaifinsu ya fi reza.

Yadda ake yi: ka tsaya wuri ɗaya, ka riƙe tiyon, ka juya a hankali har inda muryar ta fi ƙarfi, ka ja layi a taswira. Ka tafi wata unguwa ka sake. Inda layukan suka haɗu, nan mai magana yake. A takarda abin da sauƙi. A Damagaram kuwa duwatsun nan na Birni suna mayar da murya, sai ka ji ƙarfinta yana fitowa daga dutse alhali mai ita yana bayanka. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce hawa wuri mai tudu, da kuma neman inda muryar ta fi rauni maimakon inda ta fi ƙarfi, don bayan eriyar yana da wani ɗan lungu da murya ke mutuwa a cikinsa, kuma ya fi gaban nuna hanya daidai. In an matso kusa har ko'ina ya cika da ƙara, sai a cire eriyar gaba ɗaya, a manna na'urar a ƙirji, a juya. Jikin mutum yana tare abin da ke zuwa ta baya.

Kafin mu fita sai da Baba ya je ya gaida mai unguwa ya yi masa bayani, muka kuma nuna wa jami'an tsaron da ke kusa abin da muke riƙe da shi. A halin da ƙasa ke ciki, wanda ke yawo da eriya a lungu dole ya fara sanar da kansa, kuma haka ya dace.

Layukan masu lodi sun haɗu a tashar da muke zato. Na masu gadi sun watsu wurare da dama, alamar kamfani ɗaya ne da ke gadin gidaje da shaguna a unguwanni daban-daban.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Yau muka gano bakin zaren, kuma ba a tasha yake ba, a kasuwa yake.

Mai gyaran rediyo ya kai mu shagon wani matashi da ke sayar da wayoyi da caja da fitilun sola. A saman kanta ga kwalayen oba-oba a jere, irin su Baofeng, waɗanda kuɗin guda bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba. Irin waɗannan suna iya magana ko'ina daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama. Ba su san gurbin kowa ba, inda aka sa su nan suke zama. Muka gaisa, ya shimfiɗa wa Baba tabarma, ya aika a kawo ruwa.

Baba ya ce, "Ɗana, in mutum ya sayi guda goma, wa ke sa masa lamba?"

Ya ce, "Ni ne, Baba. Ina da igiya, in jona da kwamfuta in zuba musu duka iri ɗaya."

"To lambar a ina kake samo ta?"

Ya yi murmushi ya ce shi dai yana zaɓen wadda ke da sauƙin riƙewa, kuma ya lura wajen 145 babu kowa, shiru ne, masu saye ba sa dawo masa da ƙorafi. Wannan amsar ita ce duk matsalarmu a dunƙule. Yaron bai yi don mugunta ba. Ya duba ya ga fili, ya zaunar da mutanensa.

Ya ƙara da cewa ai yana sa musu makulli, babu mai jin su. Nan na buɗe kwamfuta na ce ya kira yaron shagonsa da oba-oba mai makullin. Yana dannawa muryarsa ta fito tar daga lasifikarmu. Abin da yake kira makulli wani siririn amo ne da na'urar ke haɗawa da murya, ita kuma ta abokin maganar ba ta buɗe bakinta sai ta ji wannan amon. Yana hana ka jin wasu, ba ya hana wasu jin ka, kuma ba ya rage cunkoso ko kaɗan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wallahi na ɗauka sirri nake sayar musu."

Mun bar masa takarda ɗaya da hannu muka rubuta: kada a zuba wa kowa lamba tsakanin 144 da 146. Na ƙara masa wasu wuraren da suka fi namu haɗari a cikin abin da na'urar ke iya kaiwa, wato 136 zuwa 137 na jiragen sama, 137 zuwa 138 inda taurarin ɗan adam ke turo saƙo, da 156.800 ta kiran agaji a ruwa. Ya manna ta a bango kusa da kwamfutarsa. Sai ya yi tambayar da ta dace: to ina zai sa su? Na ce mu ba hukuma ba ne, ba mu da ikon nuna wa kowa mita. Mai raba mitoci a Nijar ita ce ARCEP, a wurinta mai sana'a ke neman tasa. Ya ce masu saye ba za su so jin haka ba. Gaskiya ya faɗa.

Asabar, 6 ga Disamba

Daren jiya muhawara ta kaure a fada, kuma ina so in rubuta ta don ba ƙaramar magana ba ce. Wani abokinmu direba, mutum mai hankali, ya ce bai ga dalilin wannan wahala ba. Masu lodi abincinsu suke nema, masu gadi dukiyar jama'a suke tsaro. Mu kuwa muna so a tashe su saboda wasu mutane da babu su ma a garin. Ya ce, "Malam, fili ne babu kowa, ka bar talaka ya ci arziki."

Na ce masa ya tuna burtali. Rani ya yi, babu garke ko ɗaya a kansa, mai gonar gefe ya ga ƙasa kwance ya ƙara kunya biyu. Baɗi maƙwabcinsa ya ƙara uku. Babu wanda ya yi niyyar cuta, kowa hatsi yake nema. Ranar da dabbobi suka gangaro babu hanya, daga nan sai abin da Allah ya kiyaye. Burtali ba a banza yake kwance ba ko da babu kofato a kansa, kuma in ya shige gona ba ya dawowa da daɗin rai.

Abin da ya sa sharaɗin rashin neman kuɗi ke da nauyi shi ne mai ciniki ba ya iya jira. Motarsa ta iso, dole ya yi magana yanzu, kuma gobe ma haka, kullum haka. Yarinyar da ke gwada eriyar da ta ƙera da hannunta ba za ta iya ture shi ba. In aka haɗa su wuri ɗaya, mai kuɗi ne zai zauna, mai koyo ya tashi. A duk iskar rediyo, waɗannan 'yan guraben ne inda doka ta yarda mutum ya ƙera na'urarsa, ya gwada, ya ɓata, ya gyara. Sauran galibi na masu biya ne.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, a 1988, an yanke megahaz 220 zuwa 222 daga hannun masu sha'awa aka ba ayyukan kasuwanci, kamfanin jigilar kaya na UPS yana cikin masu turawa, kuma ba a mayar ba. A 2020 hukumar sadarwar ƙasar ta yanke shawarar fitar da su daga 3300 zuwa 3500, aka yi gwanjon 3450 zuwa 3550 ga kamfanonin waya a kan sama da dalar Amurka biliyan 22. Wanda ya ga irin wannan kuɗi ya san da wa ake ja. A 2019 Faransa ta kawo shawara a taron ƙasashen Turai cewa a duba yiwuwar sa sadarwar jiragen sama a cikin 144 zuwa 146, wannan dai gurbin da muke magana a kai. Ƙungiyoyin masu sha'awa suka tashi tsaye, kowace ta je wa hukumar ƙasarta da hujja, a taron Ankara na watan Agusta aka cire gurbin daga shawarar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai Baba ya kawo abin da ya kashe bakin kowa, har da nawa. A cikin ƙa'idojin ITU akwai sashe na 4.4, wanda ya ba ƙasa dama ta sa wata tasha a mitar da ba tata ba, muddin ba ta dami masu wurin ba, kuma ba za ta nemi kariya daga gare su ba. Baba ya ce, "To ku faɗa mini, in babu mai wuri, wa aka dama?" Littafinmu yana nuna akwai baƙi a gurbin. Bai nuna akwai 'yan gida ba. Muddin babu mai lasisi ko ɗaya da ke magana daga Damagaram, kukanmu kukan mai kallo ne.

Direban bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba, ya ce sai ya ga an samar wa masu lodi madadin. A nan ina tare da shi. Amma daga daren jiya aikin ya zama biyu: tashin baƙi, da zaunar da 'yan gida.

Asabar, 20 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙura. Wayar eriyar gajeren zango tana tara wuta daga busasshiyar iska har tana tartsatsi a bakin jona, don haka mun kafa ƙarfe a ƙasa mun ɗaure ta, muna zuba masa ruwa. Da dare ana jin wasu muryoyi a ƙasan 7100 suna zancen kaya da farashi, babu alamar kira. A gajeren zango murya tana tashi sama ta dawo daga ɗaruruwan kilomita, tef ɗin magina ba zai nuna mana inda suke ba. Mun rubuta su, mun wuce.

An fara darasin shirin lasisi ran Laraba da Asabar: dokar Om ta lantarki, lissafin tsawon eriya, ƙa'idojin magana. Mos ba dole ba ne a dokar duniya tun 2003, amma yaran sun nace sai Baba ya koya musu.

Litinin, 12 ga Janairu 2026

Mun samu ganin mai kamfanin gadin. Ta hannun wani limami da ya san shi aka nema mana izini, muka je ofishinsa da hantsi ni da Baba. Ya karɓe mu da fara'a amma a tsaye yake da maganarsa: yaransa suna aikin dare, rayukansu na hannun wannan oba-oba, ba zai kashe ta don wasan yara ba.

Baba ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba mu zo a kashe ba. Mun zo ne don inda kake zaune ba shi da ƙofa." Ya bayyana masa cewa mitocin masu sha'awa wuri ne da ake yawan saurare, masu 'yan na'urori da yawa suna leƙawa, kuma a can doka ta hana ɓoye ma'anar magana. Kamfanin gadi da ke faɗin wane gida ne mai gadinsa ya tafi cin abinci bai kamata ya zauna a dandali ba. Na nuna masa shafin littafin, lokutan kiran yaransa a jere, babu suna babu zance. Ya daɗe yana dubawa.

Na kuma faɗa masa abin da gurbin ke iya yi wa gari in an bar shi. Kowa ya tuna daminar 2024, da ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni ran 3 ga Satumba, da gidajen da suka zube a unguwanni. Sashe na 25 na ƙa'idojin ITU ya ƙarfafa ƙasashe su bar masu sha'awa su shirya don taimakon sadarwa a lokacin bala'i. Na'urarsu ba ta jiran turken kamfanin waya, batirin mota ya ishe ta. Amma hakan ba ya yiwuwa sai da mutanen da suka saba, da kuma mitar da ba a cushe ba.

Sai Alhaji ya kira magatakardansa ya ce a ɗauko fayil ɗin rediyo. Ashe kamfanin yana da takardar izini tun shekarun baya, da mitarsa a rubuce, can sama da 146, kuma suna biyan kuɗinta. Da tsofaffin na'urorinsu suka mutu aka sayo sababbi a kasuwa, mai shago ya zuba lambar da ya ga dama, babu wanda ya buɗe fayil. Suna biyan kuɗin wuri, suna kwana a wani. Alhaji ya riƙe baki. Nan take ya ce mai gyaranmu ya zo ya mayar da su kan mitarsu, zai biya shi ladan aikinsa.

Asabar, 24 ga Janairu

Tun ran 15 ga wata 145.800 ta yi tsit da dare. Ran Talata tashar sararin samaniya ta ratsa, muka bi ta da eriyar tef, muka ji fitowarta da faɗuwarta babu mai tare mu.

Yau kuma mun kama QO-100. Wannan na'urar masu sha'awa ce da ke cikin tauraron Es'hail-2 na Katar, wanda aka harba a Nuwamba 2018. Yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, yana ganin duniya daga gabashin Burazil har Tailan, kuma yana maƙwabtaka da taurarin Arabsat da faranti da yawa a garin nan ke kallo. Daga Damagaram kudu maso gabas yake, sama sosai, wajen digiri 65. Tsohon farantin talabijin muka aro, tare da kan da ke gabansa. Tauraron yana sauko da murya a wajen megahaz 10489, kan farantin ya rage 9750, abin da ya saura wajen 739, wanda 'yar na'urarmu ke ji ba wahala. Da rana ta gasa kan farantin sai muryoyin su riƙa zamewa a allo, muka yi masa rumfa da kwali suka ɗan natsu.

Abin da ya sa na sa wannan a littafin tsaro: hanyar hawa tauraron tana kan megahaz 2400, daidai inda wayfay ke zaune. Gidajen da ke harba intanet daga soro zuwa soro suna ƙaruwa a gari. Saukowa ba ta da matsala, hawa ma faranti sama yake kallo, amma wuri ne na zaman tare, kuma gara yaranmu su koyi ladabinsa tun yanzu.

Ɗalibar nan da ta tambayi ina namu ta ji wani daga Afirka ta Kudu yana gaisawa da wani a Indiya. Ta ce ita ce za ta fara kira daga nan. Na ce sai takarda ta fito.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, za mu sassauta darasi zuwa bayan salla. Ga inda aka kwana.

Masu gadi sun koma mitarsu. Mai shago ya daina zuba lamba a gurbin, har ya kai mu wurin wasu abokan sana'arsa biyu. Ɗaya ya karɓi takardar, ɗayan ya ce zai duba. Masu lodi suna nan a 145.500. Shugabansu ya saurare mu da mutunci, ya ce ba su da takarda kuma ba su san hanyar nemanta ba. Direban nan na fada, wanda ya fi kowa musu, shi ya ɗauki nauyin zama da su a rubuta buƙata da sunan ƙungiyarsu, don kuɗin ya rabu a kan kowa. Ba za mu kai ƙararsu ba muddin ana wannan.

Wasiƙarmu zuwa Yamai ta kammala. A ciki akwai taƙaitaccen littafin daga Oktoba zuwa yau, da roƙon a sanar da masu shigo da oba-oba da masu sayarwa iyakokin 144 zuwa 146, da roƙon Nijar ta riƙe guraben masu sha'awa a matsayarta in ana shirin babban taron rediyo na 2027, a Tarayyar Sadarwa ta Afirka da kuma zauren taron kansa, inda ƙuri'ar kowace ƙasa ɗaya ce. Tare da ita akwai takardar sabunta lasisin Baba, da takardun nema na farko na waɗanda suka shirya: ni, da mai gyara, da ɗalibai uku. Wani ɗan'uwan Baba da zai bi motar Litinin shi zai kai da hannunsa.

Saurare zai ci gaba a cikin azumi, daga bayan asham zuwa sha ɗaya, ɗalibai suna karɓa-karɓa. Sai a sayo sabon littafi, wannan saura shafi kaɗan.